Takalmin Hagu

A rumfata, can cikin Dukawa,
Akwai warin takalmi da ya daɗe da ratayewa,
Na hagu ne, ya wage baki kamar mai kuwwa,
An taya shi sau uku, ban sallama ba.

Shekarar da aka tara jihohi gasa,
Kowace ta zo da zaratanta na wasa,
Kofin na kan tebur, mayafi a kansa,
Ƙofar Mata ba ta taɓa cika haka ba.

Ni ba ɗan ƙwallo ba ne, baduku ne ni.
Daren ƙarshe koci Gambo ya sa aka kira ni,
Ya zazzage buhu gabana, ya dube ni:
"Na mutum sha ɗaya ne, kafin asuba a ba ni."
Ban ce masa aikin ya fi ƙarfina ba.

Na kunna aci-balbal na zauna,
Na ɗinke na Iliya gola, na ja, na auna,
Na Okoro ɗan Sabon Gari, ƙafa kamar ta ɓauna,
Shi kaɗai ya ci zaren da ban yi zato ba.

Na Barau Bahago ya zo ƙarshe,
Ladan na gyaran murya, kakina ya bushe,
Na tsinci ruɓaɓɓen zare na ƙarashe.
Na san abin da na yi. Ban gaya wa kowa ba.

Tun azahar muka cika fili,
Masu gurasa, masu rake, masu ƙuli-ƙuli,
Baƙi suka fito cikin shuɗi suna ƙyalli,
Daga bakin teku suke, ba su san tsoro ba.

Minti tara suka zura mana ɗaya,
Wani tsoho kusa da ni ya juya baya,
Okoro ya farke da ka, aka koma ɗaya da ɗaya,
Goro na bakina, ban iya tauna shi ba.

Kowa na bin ƙwallo da ido, ban da ni,
Ƙafar hagun Barau ita ta tsare ni,
Duk takun da ya yi, zaren nan na suka ni,
Babu addu'ar da na sani da ban ja ba.

Saura kaɗan a tashi, ya kwaso ta da gudu,
Ya yanke lamba biyu, ya zubar da lamba huɗu,
Sai ɓarat! Tafi da fata suka rabu,
Na ji ƙarar da dubban mutane ba su ji ba.

Bai waiga ba, ya yarfar da shi a ciyawa,
Da tsurar ƙafa ya ɗirka ta, tana juyawa,
Ta daki turke, ta faɗa raga tana rawa,
Golansu ya yi tsalle, bai ko shafe ta ba.

Ihun ya kai Dala, ya dawo ta Fagge,
An ɗauki Barau a kafaɗa, an tsallake shinge,
Ni ina zaune, kai a ƙasa, gwiwa a sage.
Kano ta ci kofi, ni ban ci tuwon dare ba.

Kwana uku, sai ga shi a ƙofar rumfa,
Babban yatsa a naɗe, yana jan ƙafa,
Ya ajiye takalmin, ya share zufa,
Na jira zagi, bai ɗaga mini murya ba.

Ya ce, "Sallau, da ma ya matse ni,
Ƙwallon tsumma a Gwammaja ita ta rene ni,
Ba takalmi, ba safa. Zarenka ne ya sake ni."
Ya yi dariya. Ni har yau ban yi ba.

Barau mun kai shi makwanci bara da damina,
Okoro ya zo ta'aziyya da sanda, ya zauna,
Kofin kuwa, wa ya san ofishin da yake kwana?
Yaran yanzu ba su ma san an yi gasar ba.

Wani lokaci nakan sauko da shi in shafa,
In zura sabon zare, in ɗora shi a kan ƙafa,
Sai in tuna yatsan nan, da dariyar, da zufa,
In mayar da shi ƙusarsa, ban ɗinke ba.